Tambaya da Amsa: Tangaɗin Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Gudu

Tambaya: Ƙaramin jirgin fayiba (wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da ƙaro) mai inji a baya, me ke sa shi tangaɗi dama da hagu kamar zai kife da zarar gudu ya yi yawa? Laifin ƙira ne ko na direba?

Amsa: Malam, idan jirgi mai tsinin ciki ya ɗau gudu, yakan taso har ya zama ɗan siririn wuri a can ƙarshen gindinsa ne kawai ke taɓa ruwa. A daidai lokacin farfela, wadda galibi dama take juyawa, tana murɗa jirgin gefe guda. Ya faɗa wannan gefen, ruwa ya tunkuɗo shi, ya faɗa wancan, kowane zuwa ya fi na baya ƙarfi.

Wajen neman gyara, fara da duba sitiyari. Jirgi na kan tirela, wani ya riƙe sitiyarin gam, kai kuma ka kama ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa mai ɗauke da farfela, ka girgiza ta gefe da gefe. Duk wasan da ka ji a nan, a kan ruwa ninkuwa yake yi. Ko kebul ya saki, ko robobin da injin ke zaune a kai sun mutu, in kuwa sitiyarin na mai ne, wato mai aiki da matsin mai maimakon kebul, iska ta shiga layin, sai a fitar da ita. Jirgi mai gudu sosai kebul biyu ko sitiyarin mai ya dace da shi.

Idan tangaɗin ya fara kana tafe, kada ka saki totur gaba ɗaya. Hancin jirgin zai nutse ya cafki ruwa, ya juya da kai nan take, abin da ke wurgar da mutane ke nan. Ka fara sauke ƙafar injin ta matso jikin jirgi, sannan ka rage wuta a hankali. Igiyar kashe inji kuwa ta kasance ɗaure a jikinka tun kafin ka tashi.

Tambaya: Yaya zan gane jirgi na hannu mai lafiya kafin in saya?

Amsa: Kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali, allon baya da injin ke rataye a kai za ka duba. Yawanci katako ne aka lulluɓe da fayiba, ruwa kuma ta ramukan kusoshin da ba a toshe da kyau ba yake shiga ya ruɓar da shi. Ɗaga injin sama, ka danna ƙafarsa da nauyinka: allon bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Bi shi da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa. Sauti mai kaifi lafiya ce, dum-dum kuwa ruɓa ce ko rabuwar fayiba da katako. Ruwa mai launin ƙasa da ke tsattsafowa ta gindin noti, da tsagewa a kusurwoyin allon, duk alamu ne marasa kyau.

Sannan ka shiga ƙarƙashi, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan mita ɗaya na ƙarshen gindin. In ka ga haske a tsakiya, wurin ya loma, sau da yawa saboda daɗewa a kan tirelar da ba ta tallafe shi daidai ba, kuma irin wannan jirgi hancinsa ƙasa zai riƙa dannawa a guje.