Kuɗina kaɗan ne, zan iya yi wa tsohuwar motata fenti da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar mota ƙarama, injinta lafiya lau, amma jikinta ya zama abin kunya. Fentin rufi da na bonet ya ƙoƙe yana ɓarewa, ga tsatsa ta fara ɓullowa a saman tayoyin baya. Kuɗin da masu fenti suka yanka mini ya fi ƙarfina. Wani abokina ya ce zai ara mini kwamfuresa da bindigar feshi, in sayi fentin 2K (wanda ake haɗawa da sinadarin da ke taurara shi kafin a fesa), in ɗaura ƙyalle a hanci, in na gama in sha madara ta wanke mini ƙirji. Tsorona kada in kashe ɗan abin da nake da shi kuma in lalata motar. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka a kan motar, fentin da bai yi kyau ba gogewa ake yi a sake. Maganar ƙyalle da madara ce ta tayar mini da hankali, kuma a kanta zan fi daɗewa. Amma bari mu fara da aikin.

Kada ka sauya launi. In ka sauya, sai ka bi cikin ƙofofi da ƙarƙashin bonet da cikin but, fenti ya ƙaru, aiki ya ninka, a ƙasashe da yawa ma sai ka gyara takardun motar. Lambar launin tana kan wani ɗan allo, galibi a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. In launin mai ƙyalƙyali ne irin na azurfa, ka sani shi ya fi wahalar da sabon hannu, don yakan fito da zane-zane in feshin bai daidaita ba.

Kafin sanfefa ta taɓa jikin motar, wanke ta da sabulu, sannan ka bi ta da ruwan cire maiƙo na masu fenti. Kada ka yi amfani da fetur ko kalanzir, maiƙo suke bari. Ragowar man folish da silikon su ne ke sa sabon fenti ya riƙa tsagewa yana yin ƙananan ramuka, kuma in ka fara guga kafin ka wanke, cusa su kake yi cikin tsohon fentin. Cire abin da ke cirewa: fitilu, lamba, madubi, mariƙin ƙofa, bamba. Liƙa tef a kewaye da su ya fi sauƙi, amma daga wannan gefen ne fenti ke fara ɓarewa.

Sai ka gwada tsohon fentin. Jiƙa ƙyalle da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka danna a wani wuri da ba a gani na ɗan lokaci. In ya yi laushi ya biyo ƙyallen, sabon fenti zai iya tayar da shi ya yamutse, don haka ko dai ka kankare shi ko ka rufe shi da firaima (shafin da ake fara yi kafin fenti) mai raba tsakani. In bai motsa ba, ba sai ka goge motar har ƙarfe ba. Inda fentin ya kama daram, dusar da shi kawai da sanfefa mai lamba 320. Rufi da bonet da ke ɓarewa kuwa, sai ka cire duk abin da ya saki, ka lallaɓa gefen har yatsanka ya daina jin tudu.

Tsatsar saman taya ita za ta nuna ko aikin zai yi ƙarko. Goge ta da lamba 80 har ƙarfe ya fito fari, ka wuce iyakarta da ɗan tazara, don tana tafiya ƙarƙashin fenti inda ido bai gani. Irin wannan tsatsar sau da yawa daga ciki take cinyowa, saboda laka da ke taruwa a leɓen ƙarfen, don haka ka leƙa ta baya. In ƙarfen ya huje, mai walda za ka nema ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Masu cusa takarda ko raga su shafe da fila (kwaɓin da ake cike loɓawa da shi) suna yaudarar mai mota ne, ruwa zai bi ta baya ya kumbura wurin.

Fila don cike ɗan loɓawa aka yi shi, kaurinsa kada ya wuce milimita 3 ko makamancin haka. Hadinarsa, wato sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, kusan kashi 2 cikin 100 ake sawa. In ta yi yawa takan ɓata launin fentin daga baya, in ta yi kaɗan ba zai bushe ba, sai ya riƙa toshe sanfefa. Cikin minti huɗu ko biyar yake fara daskarewa, saboda haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Daidaita shi da lamba 80, ka bi da 180, kuma ka naɗa sanfefar a jikin katako mai lebur, don tafin hannu bin kwari da tudu yake yi. Kada ka goge fila da ruwa, yana tsotse shi. Ƙarfen da ya fito tsirara kada ya kwana haka, sa masa firaimar ifoksi. Bayan firaima mai cikewa ta bushe, yayyafa baƙin fenti sama-sama ka goge da 400 zuwa 500. Duk inda baƙin ya maƙale, akwai rami a nan. Wannan shirin shi ne mafi yawan aikin, kuma shi ne mafi yawan abin da mai fenti ke caji a kai.

Yanzu ga maganar abokinka. Hadinar fentin 2K tana ɗauke da sinadarin da ake kira aisosayanet. Shi ke sa fentin ya yi tauri ya yi sheƙi, shi ne kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma a duniya, masu feshin mota suna sahun gaba. Idan aka fesa, yakan zama hazo mai laushin da ido ba ya gani, ya daɗe yana yawo bayan an ajiye bindiga. Ƙyalle ba ya tare shi. Takunkumin takarda na ƙura ba ya tare shi. Takunkumin asibiti ma haka. Abin da suke yi kawai shi ne su hana gashin hancinka canza launi, sai ka ɗauka ka tsira.

Kullum sai ka ji ana cewa wane ya shekara da shekaru yana feshi da ƙyalle ba abin da ya same shi. Ba a lissafa waɗanda suka bar sana'ar saboda ƙirji, don ba sa wurin balle a gan su. Yadda sinadarin ke aiki shi ne jiki ya ɗauke shi abokin gaba. Wani sai bayan shekaru, wani kuwa shaƙa mai yawa sau ɗaya ta isa. Da zarar hakan ta faru, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ciwon, kuma sau da yawa ba ya barin mutum. Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamun ba lallai su zo nan take ba. Mutum zai gama aiki lafiya, sai cikin dare tari ya taso, ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fito. Da safe ya ce sanyi ne ya kama shi, ya koma bakin aiki.

Madara kuwa ciki take tafiya, fentin yana huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba inda za su haɗu balle ta wanke shi. Ba ta kare komai, ba ta warkar da komai. Illarta ita ce ƙarfin gwiwar da take ba mutum ya shiga hazon fenti da fuska a buɗe, yana ganin yana da magani a ajiye. Abin takaici, manya a sana'ar ne ke koya wa yara wannan, su tura yaro ya yi feshi a rufaffen ɗaki, su miƙa masa gwangwani in ya fito. Wanda ya ɗora yaro a kan wannan hanya ya ɗauki alhakinsa.

Kada kuma ka dogara da wari. Hanci ba ya jin aisosayanet sai ya riga ya wuce adadin da ke cutarwa. Warin da kake ji na tina ne. Shi ya sa ko takunkumi mai gwangwanin gawayi ba a ɗauke shi cikakkiyar kariya a feshin 2K ba, don ba za ka san lokacin da gawayin ya ƙare ba. Abin da aka yarda da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, a ɗakin feshi mai zuƙe hazo. Fata ma hanya ce, sai da safar hannu ta naitiril da riga mai rufe jiki. Gwangwanin feshi mai maɓalli a gindi, wanda ake dannawa a haɗa kafin amfani, shi ma 2K ne, hukuncinsu ɗaya. Feshi a tsakar gida kuma raba hazon ne da yara da maƙwabta. Duk wanda ya riga ya yi irin wannan feshin yana jin tari ko ɗaurewar ƙirji da dare, ya je asibiti ya gaya wa likita sunan abin da ya shaƙa.

To me za ka yi? Hanya mafi kyau ga mai ƙaramin aljihu ita ce ka yi duk shirin da na faɗa da hannunka, ka kai motar ga mai ɗakin feshi ya yi feshin kawai. Ka yi magana da shi tun kafin ka sayi firaima, don kayanku su dace. Mota irin taka takan sha fenti lita 3 zuwa 4.

In dole sai ka yi komai da kanka, ka nemi fentin da ba a haɗa shi da hadina, wato 1K. Ba ya kai 2K ƙarko da jure fetur, amma takunkumi mai gwangwanin gawayi haɗe da matatar ƙura, sabo kuma wanda ya zauna a fuska sosai, yana wadatarwa a wuri mai iska. Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4 don fenti, kusan 1.8 don firaima. Ƙarfin iska kusan "bar" 2 a ma'aunin da ke gindin bindiga, tazara santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na baya, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi. Fara da shafi mara kauri. In ya zubo, alama ce ka matso da yawa ko hannunka ya yi nawa. In ya fito da gurji-gurji kamar bawon lemo, fentin ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan. In ya yi gari, alama ce ka yi nisa ko zafi ya busar da shi kafin ya sauka. Duba kwamfuresar da za a ara maka: ƙarama ba ta iya riƙe iska har a gama rufin mota, kuma in ba matarin ruwa a layinta, za ta tofa ruwa a kan fentin. Gwada a tsohon ƙarfe tukuna. Tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, don haka ba wuta, ba sigari, ba janareta a kusa.

Akwai kuma hanyar rola, wadda ba ta tayar da hazo. Fentin ƙarfe mai mai ake tsinkawa sosai, a shafa da ƙaramar rolar soso, shafi shida zuwa takwas marasa kauri, kowanne ya bushe, ana gogewa da ruwa da lamba 600 zuwa 800 bayan kowane shafi biyu. Tana cin lokaci, kuma rana tana dusar da ita da wuri, amma a kan farar mota ko launi mara ƙyalƙyali tana fitowa da kyau. Ka bar fentin ya yi makonni ya yi tauri kafin ka bi shi da 1500 da 2000 ka yi folish, in ka yi gaggawa sanfefar za ta riƙa naɗe shi.