Yana ba ni kuɗin cefane amma ba ya zama da ni: ya sauke haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo, Kumasi. Maigidana yana da shago a kasuwar Kejetia, ba ya fashin kuɗin cefane, ko tafiya ya yi sai ya turo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Amma da ya ci abincin dare sai majalisar ataya, ba ya dawowa sai dare ya raba. Na yi magana, ya ce namiji girmamawa da kwanciyar hankali yake so, hira ta mata ce. Ina da haƙƙin kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kina da haƙƙi. Ciyarwa, tufatarwa da muhalli wajibi ne, maigidanki ya kyauta da yake sauke su, amma akwai sauran wajibi a kansa. Allah ya yi umurni da kyautata zama da mata a Suratun Nisa'i, aya ta 19, kuma a Suratur Rum, aya ta 21, ya ambaci natsuwa, ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, bai keɓe su ga jinsi ɗaya ba.

Akwai gaskiya a maganarsa. A galibi namiji ya fi jin zafin raini, mace kuma ta fi jin zafin ko-in-kula. Sai dai wannan galibi ne kawai, ba a soke haƙƙi da shi. Baƙara, aya ta 228, ta ce mata suna da kwatankwacin abin da ke kansu. Da ita Ibn Abbas ya kafa hujja ya ce yana son yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa.

Duba abin da ya faru zamanin Sayyidina Umar. Wata mata ta zo tana cewa mijinta yana azumi da rana, yana tsayuwar dare. Ka'abu ɗan Sur, wani da ke zaune a wurin, ya gane ƙara ta kawo, ya hukunta mata dare ɗaya cikin huɗu, Umar ya amince. To, idan nafila ba ta zama uzuri ba, ina ga ataya? Annabi (SAW) kansa ya zauna ya saurari Nana A'isha tana ba shi dogon labarin mata goma sha ɗaya, wanda aka sani da hadisin Ummu Zar'in. Malaman Malikiyya ma sun ƙirga daina yi wa mace magana da juya mata baya a shimfiɗa cikin cutarwar da za ta iya neman rabuwa saboda ita. Lamarinku bai kai nan ba, na kawo ne don maigidanki ya san nauyin abin.

Inda mata ke ɓata wannan buƙata shi ne lokaci da lafazi. Kada ki tare shi yana shigowa da gajiyar kasuwa, ko a gaban yara, ko ki fara da "kai kullum", domin zai ji an rushe wahalarsa ne, ya ƙara nisa. Ki fara da godiya kan abin da yake yi, sannan ki nemi abu takamaimai, kamar zama da ke bayan Isha'i kafin ya fita, ko wasu darare a mako da zai bar majalisa. In bai ji ba, aya ta 35 a Nisa'i ta ba da hanya: dattijo daga danginsa, dattijo daga naki. In hakan ya gagara, ku je wurin limamin unguwarku. Allah ne mafi sani.