Hukuncin komawa ga rinin gashi bayan ya kumbura fuska

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya, shekaruna 43. Furfura ta fara fito mini a gaban goshi, maigidana kuma ba ya son ganinta, shi ne yake sayo mini baƙin rini na kwali. Na shafa sau uku lafiya lau. A na huɗu, ranar Alhamis na shafa, daren Juma'a kaina ya ɗau ƙaiƙayi kamar an zuba mini barkono. Gari na wayewa ranar Asabar idanuna sun kumbura har da ƙyar nake buɗe su, bayan kunnuwana yana ta tsatstsafo da ruwa. Mai kitsona ta ce kambun baka ne tunda a baya bai taɓa yi mini haka ba, wata ƙawata kuma ta ce in dinga shan Piriton kafin in shafa. Bikin 'yata saura wata biyu, maigida yana so in sake rinawa. In na ƙi, na saɓa masa? Kuma yaya zan yi da alwala da wanka alhali ruwa yana ƙara mini zogi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Bai halatta ki sake shafa wannan rinin ba, ko wani irinsa, ko da kin sha magani kafin shafawar. Ƙin da za ki yi kuma ba saɓa wa miji ba ne. Ga dalili.

Canza launin furfura abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kai. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya ce a canza wannan farin da wani abu, amma a nisanci baƙi. A kan baƙin ne malamai suka rabu. Imam Nawawi ya tafi a kan haramci. A mazhabarmu ta Malikiyya makaruhi ne, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala: an karhanta rina gashi da baƙi ba tare da haramtawa ba, kuma babu laifi da lalle da katam (wani tsiro ne da ake rina gashi da shi). Akwai kuma waɗanda suka sassauta wa mace idan don mijinta take yi. Duk wannan saɓanin a kan lafiyayyen mutum ne, wanda rinin ba ya cutar da shi. Ke kin fita daga wannan sahun tun ranar Asabar ɗin nan. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka da hannayenku, Annabi (SAW) kuma ya ce babu cuta babu cutarwa, hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ado mustahabbi ne in ya yi nisa, tsare jiki daga cutar da aka tabbatar kuwa wajibi ne, kuma ba a sayen mustahabbi da kuɗin wajibi.

Sai dai hukunci yana hawa ne a kan sanin haƙiƙar abu, don haka bari in tsaya a kan maganar mai kitso, domin ita ce ke yaudarar mutane da yawa. Kambun baka gaskiya ne, ban musa ba, ki riƙe azkar ɗinki. Amma abin da kika siffanta yana da sababi sananne a wurin likitocin fata. Yawancin rinin gashi mai duhu kuma mai daɗewa yana ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD, za ki gan shi a jerin kayan haɗin da ke jikin kwali. Jikin wasu mutane yana ɗaukar wannan sinadarin a matsayin maƙiyi, amma ba a haɗuwar farko yake tayar da faɗa ba. Da farko shiru yake yi yana haddace shi, sau ɗaya ko sau goma, wani ma sai bayan shekaru. Ranar da ya gama shiri sai ya far wa fatar da abin ya taɓa. Kuma ba nan take ba, galibi sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, daidai yadda ya faru da ke: Alhamis shafawa, Juma'a ƙaiƙayi, Asabar kumburi. Ashe hujjar mai kitson, wato bai taɓa yi miki ba, ita ce ainihin siffar wannan cutar. Jikin da ya riga ya haddace PPD kuma ba ya mantawa har ƙarshen rayuwa, komawa gare shi sau da yawa ya fi na baya muni.

Shawarar shan Piriton ita ta fi tayar mini da hankali. Wannan ƙwayar tana iya rage ƙaiƙayi ta sa mutum barci, amma ba ta hana irin wannan kumburin da ke zuwa bayan kwanaki. Wadda ta sha ta shafa kamar wanda ya toshe kunne ne don kada ya ji ihun gobara. Na taɓa ganin wani dattijo da muke sallah tare, ya rina gemunsa ana jibi Sallah. Ranar Idi ya fito ya naɗe fuskarsa da rawani har hanci. Da ya janye don mu gaisa, haɓarsa ta yi suntum, fatar ƙarƙashin gemun ta farfashe tana ruwa, gashin ya manne da ɓawon ciwo. Ya ce mini wannan ne karo na biyu, a na farko ƙaiƙayi kawai ya ji, ya ce zai wuce.

Akwai mataki mafi haɗari wanda ya kamata duk mai rini ya sani, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Idan bayan shafawa, cikin mintoci ko 'yan awoyi, leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, murya ta shaƙe, jiri ya ɗebi mutum, ko borin jini ya feso a duk jiki, to wannan ba abin kemis ba ne, ba kuma abin jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba ne. A ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, domin allurar adiranalin yake buƙata. Mace ta fita a wannan halin ba sai da izini ba, ceton rai ya gabaci neman izini.

Ke kuma yanzu, tunda kumburin ya kai ga ido kuma fata tana ruwa, je ki ga likita, ki tafi da kwalin rinin a hannu don ya karanta abin da ke ciki. Maganin da aka saba bayarwa shi ne man shafawa mai kwantar da kumburi, wani lokaci har da ƙwayoyi na 'yan kwanaki, da maganin ƙwayoyin cuta idan wurin ya fara mugunya. Kada ki sa toka, ko man goge haƙori, ko man bilicin, kada kuma ki sosa har ki yage fatar. Ki roƙi a tura ki wurin likitan fata, akwai gwajin da suke yi su manna sinadarai a gadon baya su gano takamaimai wanda jikinki ya ƙi. Wannan yana da amfani, domin wasu rinin da aka rubuta musu babu PPD suna ɗauke da ɗan'uwansa, kuma jikin da ya ƙi wannan yakan ƙi wancan.

Game da maigidanki, Annabi (SAW) ya ce biyayya tana cikin abin da yake ma'arufi ne kawai, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Umurnin da zai kumbura miki ido ba ya cikin ma'arufi. Ina kyautata masa zaton cewa bai san girman abin ba ne, shi ado yake nema, ba ciwo ba. Ki karanta masa wannan amsar cikin ladabi, ko ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. Shi kuma ina ce masa: Malam, in ka tilasta mata bayan ka sani, alhakin abin da ya same ta yana wuyanka. Furfura ba aibi ba ce, an ruwaito cewa hasken Musulmi ce, kuma an hana cire ta.

Idan ana son rufe ta, ga lalle nan, wanda hadisin Abu Zarri ya ce shi da katam su ne mafi kyawun abin da ake canza furfura da shi. Anas ya ba da labari cewa Abubakar yana rini da lalle da katam, Umar kuma da lalle zalla. Amma lallen da nake nufi shi ne ganyen da aka busar aka daka, koren gari mai ƙamshin ganye, wanda sai ya ɗauki awoyi kafin ya kama, launinsa kuma ja ne. Duk abin da aka kira baƙin lalle, wanda yake yin baƙi wuluk cikin ƙasa da awa ɗaya, an zuba masa wani abu, kuma yawanci PPD ɗin ne. Nan ne maganar bikin ta shigo. Dayis da ake zana wa amare da ƙawayensu a hannu da ƙafa sau da yawa wannan sinadarin ne, mai ƙarfi kuma, a kan fata kai tsaye. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba, Tarayyar Turai kuma ta iyakance shi a rinin gashi zuwa kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa. Abin da mai ƙunshi ta kwaɓa a murfin kwalba kuwa babu wanda ya auna shi. Saboda haka dayis ma ya haramta a gare ki, ki yi jan lallenki. Ina kuma ba ki shawara ki kiyaye amaryar, domin zanen dayis yana daga cikin hanyoyin da jiki ke fara haddace wannan sinadarin, sai bayan shekaru yarinya ta rina kanta ta ga abin da kika gani. A kuma ɓoye ƙullinsa daga yara, shan sa guba ce mai toshe maƙogwaro da lalata ƙoda.

Ga wadda ba ta taɓa samun matsala ba kuma tana son yin rini, ta sayi mai lambar NAFDAC da jerin kayan haɗi, ta sa safar hannu, kada ta wuce lokacin da aka rubuta, kada ta shafa a kan da yake da ƙuraje ko wanda rilaksa ta ƙona, kada ta kai shi gira ko gashin ido. Kafin kowace shafawa ta gwada ɗan kaɗan a fata ta jira awa 48, ko da irin wanda ta saba ne. An fi cewa a gwada a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu, to amma dukansu wurare ne da ruwan alwala ke taɓawa, don haka ta ɗan haura zuwa cikin dantse, ko ta yi gwajin a kwanakin da ba ta sallah. Ke dai ban da ke, wadda ta riga ta kumbura ba ta gwaji a gida. Mai kitso ko mai ƙunshi da ta san haɗinta ya taɓa cutar da wata sannan ta ɓoye, ko ta kira dayis da sunan lalle zalla, ta yi algus, kuma hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Saura tsarki. Abu Dawud ya ruwaito labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, ya yi mafarki, abokansa suka ce dole ya yi wanka, ya yi, ya rasu. Annabi (SAW) ya yi fushi ya ce sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Ƙa'idar da Khalil ya tsara a Mukhtasar ita ce: idan ana tsoron wanke ciwo zai ƙara shi ko ya jinkirta warkewa, sai a shafa shi da jiƙaƙƙen hannu. In shafar ma tana cutarwa, a shafa a kan maganin ko bandejin da aka ɗora. A alwala ki wanke inda yake lafiyayye a fuskarki, ki shafa kan fatar idon a hankali, ki shafa kanki sama-sama ba tare da danna fatar ba, kunnen da ke ruwa kuma ki ɗora masa auduga ko ƙyalle mai tsabta ki shafa a kai. A wankan wajibi ki wanke jikinki daga wuya zuwa ƙasa, kai da kunnuwa ki shafa kamar yadda na faɗa. Ruwan da ke tsatstsafowa da kansa an yi afuwa a kansa kuma ba ya karya alwala, sallolin da kika yi a haka babu ramuwa. Ranar da likita ya ce ruwa ba zai ƙara cutar da wurin ba, sai ki koma wankewa kamar da.

Wallahu a'alam.