Ku Tambaya, Mu Amsa: Doguwar tafiya da motar lantarki a hanyoyin karkara

Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga motar lantarki. Wasu sun fito daga 'yan'uwa mazauna ƙetare masu son barin birni su bi doguwar hanya, wasu kuma daga nan gida.

Tambaya: Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Ina so in kai iyalina birnin Salt Lake ta babbar hanyar I-80 da ta ratsa Nebraska da Wyoming. Batirin motata kilowat-awa 64 ne (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka ke nan), idan na cika shi allo yana nuna kilomita 400. Na ga wurin da tsakanin tashar caji da ta gaba ya kai kilomita 160. Ai babu abin damuwa ko?

Amsa: Malam, akwai. Wannan 400 ɗin motar ta lissafa shi ne daga irin tuƙin da ka saba yi a gari, ba ta san inda ka nufa ba. Ka ajiye shi gefe, ka yi lissafinka da abin da take sha a kowace kilomita 100.

Mota irin taka, a gudun kilomita 100 cikin awa, takan sha wajen kilowat-awa 17. A Wyoming akwai wuraren da doka ta ba da damar gudun mil 80, wato kusan kilomita 130, kuma a wannan gudu shan nata yakan kai 24 ko 25. Dalili shi ne turjiyar iska: idan ka ninka gudu sau biyu, ita tana ninkuwa sau huɗu. Ga shi kuma ba da cikakken batir za ka riƙa barin tasha ba. Idan ka tashi da kashi 80 cikin ɗari kana son ka isa da kashi 10 a hannu, abin da kake da shi kilowat-awa 45 ne, wanda zai kai ka kilomita 180 kacal. Ka ga tazarar 160 ta zama ta kusa da baki.

Sannan wannan hanya ta yi suna wajen iska, har akan hana manyan motoci marasa kaya wucewa idan ta taso. In kana gudun 110 iskar kilomita 30 tana bugun gabanka, motar tana fama ne kamar mai gudun 140. Sai hawa. Daga garin Cheyenne zuwa ƙololuwar hanyar kafin garin Laramie, duk a Wyoming, za ka ɗaga sama da mita 700, ka kai tsayin mita 2,600 da 'yan kai. Ɗaga mota mai nauyin tan biyu tsawon mita 1,000 yana cin kilowat-awa biyar da rabi, ban da na tafiyar kanta. Gangara za ta mayar maka da wani kaso ta hanyar birkin da ke cajin batir, amma ba duka ba, kuma sai ka hau tukuna za ka gangaro. In lokacin hunturu ne, ka ƙara rage kashi 20 zuwa 30 na nisan, saboda hita da sanyin batirin.

Tun daga gida ka shigar da tafiyar a manhajar tsara tafiya ta A Better Routeplanner, ka faɗa mata samfurin motarka da kason da kake son isa kowace tasha da shi. Sa 15 ko 20 a irin wannan hanya, ba 5 ba. Daga nan ka buɗe PlugShare, manhajar da ke nuna tashoshin caji, ka duba kowace tasha ɗaya bayan ɗaya: bakin caji nawa gare ta, kuma yaushe wani ya yi caji na ƙarshe ya ce ta yi aiki. Tasha mai baki ɗaya da aka yi wata ba wanda ya ce komai a kanta, ka ɗauka babu ita. Kowane zango kuma ka san wuri na biyu da ragowar cajinka zai iya kai ka, ko da cajar otal ce mai jinkiri.

A kan hanya, idonka ya kasance kan kason da motar ta ce za ka isa da shi. Da ka ga yana zamewa daga 18 zuwa 14 zuwa 11, ka sauko gudun 90 nan take. Rage gudu tun da saura kilomita 100 yana ceto da yawa. A kilomita goman ƙarshe ba ya tsinana komai.

Gaskiya ne dokar da Amurka ta kafa a 2021 ta ware dala biliyan biyar don a sa tasha a kowane mil 50, kowacce da baki huɗu masu kilowat 150. Amma manyan hanyoyi aka nufa, aikin kuma ya yi tafiyar hawainiya. Da ka sauka zuwa hanyar ƙauye, lissafinka ne zai fisshe ka.

Tambaya: An rubuta kilowat 350 a jikin caja, na jona, sai na ga 48. An cuce ni ke nan?

Amsa: Da wuya. Abin da ke jikin caja iyakar ƙarfinta ne, mota ce ke faɗin nawa take iya karɓa. Chevrolet Bolt ta da ba ta wuce kilowat 55 ko a ina aka jona ta. Hyundai Kona mai batir 64 tana tsayawa wajen 77. Hyundai Ioniq 5, mai tsarin bolt 800, ita ce irin wadda ke cin moriyar babbar caja, tana tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18 idan yanayi ya yi daidai.

Ko a mota ɗaya ma saurin ba ya tsayawa wuri guda. Kamar ɗura mai ne a kwalba: da fari a kwarara, idan an zo wuya sai a ɗiga. Batir yana karɓa sosai daga kashi 10 zuwa wajen 50, ya fara ja da baya, bayan 80 kuma ya koma rarrafe. Wanda ya jona yana da kashi 65 ba zai ga babbar lamba ba.

Sanyi ma yana hanawa. Batir mai sanyi ba a cusa masa wuta da ƙarfi, don hakan yana lalata ƙwayoyinsa, shi ya sa motar kan taƙaita. Motoci da yawa suna ɗumama batirin kafin isowa, amma sai idan a taswirar motar ka sa tashar, ba a wayarka ba, kuma da saura minti 20 zuwa 30. Abu na ƙarshe, wasu cajoji masu baki biyu raba wutar suke yi. In akwai wadda ba kowa a kanta, ita za ka nufa.

Tambaya: An ce kada a wuce kashi 80. Ko a karkara?

Amsa: A'a. Inda tashoshi suke kusa da juna, tsayawa a 80 hikima ce, domin daga 80 zuwa 100 yakan ci lokaci kusan daidai da na 10 zuwa 80. Inda tasha ta gaba ke da nisa ko ba a tabbatar da lafiyarta ba, ka zauna ka kai 95 ko 100. Abin da batir ba ya so shi ne a cika shi a bar shi kwana da kwanaki a rana. Cikawa a kama hanya ba laifi. Sai dai in wani yana jiran bakin, ka tambaye shi nawa yake bukata, kuma da ka gama ka janye, don wasu kamfanoni suna cajin kuɗin zama kowane minti.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Muna shirin zagaya arewacin Scotland ta hanyar North Coast 500. Tsorona in isa tasha ta ƙi aiki, ga babu sabis a waya.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana da dalili. Zagayen ya kai kilomita 830 daga birnin Inverness a dawo Inverness, kuma ƙauyuka da dama caja ɗaya ce tak mai kilowat 50. Ki tanadi hanyar biya uku kafin ki tashi: katin banki na taɓawa, manhajar kamfanin da kin riga kin yi rajista kin sa kati a ciki, da katin caji na roba wanda ake nema a aiko ta gidan waya. Dokar Birtaniya ta 2023 ta wajabta karɓar katin banki a cajoji masu sauri, amma na'urar karɓar katin ma tana iya mutuwa. Ki sauke taswira a waya, ki rubuta lambar wayar kamfanonin a takarda. Ki sani kuma sukan riƙe wani kuɗi a asusunki kafin caji ya fara, su saki ragowar daga baya.

Idan caja ta ƙi tashi, bi wannan tsari. Kashe motar, ki tabbatar giyarta tana kan P. Zare kan cajar, ki leƙa ko akwai ƙasa, ruwa ko lanƙwasasshen ƙarfe a ciki. Mayar da shi har ki ji ya ce ƙas, sannan ki tallafe shi da hannu, ki ɗan ɗaga sama har caji ya fara. Wayar cajar tana da nauyi, takan ja kan ƙasa, ƙananan ƙarafan da mota da caja ke magana ta cikinsu su kasa haɗuwa, ko makullin ya ƙi kamawa. Wannan kaɗai yana warware matsaloli da yawa. Duba jan maɓallin gaggawa, wataƙila wani ya danna ya tafi; murɗa shi ake yi ya fito. Karanta abin da aka rubuta a jiki, don wasu biya ake fara yi kafin a jona, wasu akasin haka, kuma in an daɗe tsakanin biyun sai a sake daga farko. In duk ya faskara, kira lambar da ke jikinta, suna iya kashe ta su kunna daga ofis cikin 'yan mintuna.

Yawancin irin waɗannan cajoji suna da baki na uku mai wutar gida, ko wata ƙaramar caja a gefe. Ki tafi da wayar cajinki ta Type 2, wadda ake jonawa a irin waɗannan, a but. Awa ɗaya a kilowat 7 tana ba da wajen kilomita 40, sau da yawa ta isa ta kai ki ƙauye na gaba. In kuwa motar ta tsaya cak, a ɗora ta a babbar mota. Jan ta da igiya ƙafafu a ƙasa yana iya lalata injin.

Tambaya: Daga Kano nake. Ina son sayen motar lantarki 'yar kwatano. Me zan duba game da caji?

Amsa: Alhaji, kafin fenti da kujeru, buɗe murfin caji ka ga bakin. Motar da aka yi don kasuwar Sin baki mai suna GB/T take da shi. Ta Turai CCS2. Ta Amurka CCS1, ko kuma bakin Tesla da ake kira NACS. Nissan Leaf ta da CHAdeMO. Ba sa shiga juna, kuma ba siffa kaɗai ta bambanta ba, a wasunsu har yaren da mota ke magana da caja. Adafta tsakanin GB/T da CCS2 tana da kwamfuta da ɗan batir a ciki, tana da tsada, kuma ba da kowace caja take jituwa ba. Ka je tashar da kake sa ran amfani da ita, ka gwada da motar kafin ka biya kuɗi.

A zafin Afrilu da Mayu, nemi mota mai sanyaya batir da ruwa. Leaf ta da ba ta da wannan, shi ya sa caji mai sauri na biyu da na uku a rana ɗaya yakan yi ta raguwa yayin da batirin ke ƙara zafi. Ka sa a duba lafiyar batirin da na'ura, kada ka tsaya ga abin da allo ya nuna.

Tambaya: Za mu je ƙauye bikin Sallah, kilomita 190 daga gari, babu tashar caji a hanya. Zan iya caji da soket ko janareta?

Amsa: Za ka iya, amma ka yi lissafi. Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar ƙera motoci a Najeriya ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, Maiduguri ma ta samu motocin haya na lantarki, sai dai duk wannan harkar birni ce. A ƙauye abin da ka zo da shi ne naka.

Zuwa da iyakwandishan a kunne zai ci wajen kilowat-awa 34, dawowa ma haka. Batir mai kilowat-awa 60 ba zai yi duka biyun ba, kana bukatar ƙarin aƙalla 20 don ka dawo da ɗan saura. Soket na gida a bolt 230, idan ka saita cajar a amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da take ja), yana ba da kilowat 2.3, wanda ke shiga batir kuma bai fi 2 ba. Awa goma ke nan na wuta ba yankewa. Kada ka ja amfiya 13 dare guda a tsohon soket, kada kuma ka yi amfani da siririyar wayar ƙari ko wadda take a nannaɗe. Bayan rabin awa ka taɓa filogin. In ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, zare shi.

Janareta kuwa, ƙaramin nan na shago ba zai iya ba. Nemi mai kVA 5 zuwa sama, wanda wutarsa ba ta rawa. Matsalar da aka fi samu ita ce cajar ta nuna jar fitila ta ƙi farawa, saboda ba ta ga wayar ƙasa ba. Mai gyaran wuta ne zai kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da janaretan yadda ya kamata. Kada a cire wannan kariya don caji ya tashi, jikin motar ƙarfe ne kuma yara za su kewaye ta. Ka tada janaretan ya daidaita kafin ka jona, ka fara da amfiya 6 ko 8 sannan ka ƙara, kuma ka tsayar da caji kafin mai ya ƙare. Ka ware lita 12 zuwa 15 na fetur don wannan kilowat-awa 20 ɗin, kuma ka fara caji tun daren da ka isa, ba daren komawa ba.