Kalmar "shrill" ba ta yabo ba ce

Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa, kin tambaya ko "shrill" na nufin murya mai zaƙi, don kina so ki yaba wa wata ɗalibarki da ita a takardar shaida. Don Allah kada ki rubuta. Na fi shekara 20 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma wannan kalma ta sha kayar da ɗalibaina.

"Shrill" ƙara ce siririya mai tsini, wadda ke shiga kunne kamar allura. Usur ɗin alƙalin wasa, kukan gyare da daddare, ihun yaro idan ya tsorata, guɗar da ake rangaɗawa a bakin kunnenki ranar kai amarya, duk sun shiga ciki. Ba ƙarfin sauti ake nufi ba. Tsawa tana da ƙarfi, tambari ma haka, amma ba a kiran su "shrill", "loud" ake cewa, domin muryarsu mai kauri ce. Akwai ma dalili a halitta: kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sautin da ke kaɗawa sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, shi ya sa irin wannan ƙara take sa mutum ya toshe kunne ko da ba ta cika gari ba.

Inda nake so ki lura sosai shi ne idan aka jingina ta ga mutum. A nan kalmar suka ce. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta insha'i kan mahaifiyarsa, ya ce tana kiran sa da "shrill voice". Yaron yana nufin murya mai daɗi da yake kewa. Sai da na zaunar da shi na faɗa masa cewa Bature zai fahimci tsohuwar tana ƙwala masa kira da murya mai cutar da kunne. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ni ma abin ya taɓa ni, don ƙauna ce ta sa ya rubuta.

Turawan da kansu suna jayayya a kan kalmar, saboda mata aka fi jifa da ita. Margaret Thatcher, wadda ta zama firaministar Birtaniya a 1979, sai da ta koyi saukar da muryarta ta yi kauri don kauce wa irin wannan suka. Hillary Clinton, 'yar takarar shugaban ƙasa, ma an yi ta kiran ta da wannan kalma a zaɓen Amurka na 2016. Haka kuma a jarida, idan kin ga "shrill criticism", ana nufin suka mai zafi da hayaniya wadda ta wuce gona da iri, marubucin kuma ba ya goyon bayanta.

Kalmar tana da 'yan uwa: "screech" na birkin mota ne idan taya ta ja kwalta, "squeak" kuma na ɓera ko ƙyauren da ya rasa mai.

Ga ɗalibarki, ki rubuta "clear voice" idan muryarta na fita tas, ko "melodious voice" idan zaƙin kike nufi. Wajen furtawa kuma, "shrill" gaɓa ɗaya ce. Yaranmu kan ce "shiril", sai ki riƙa sa su haɗa "sh" da "r" ba tare da wasali a tsakani ba.