Malam, ajiye zancen kwalliyar shafi, zo mu yi maganar Excel ɗin nan naka

Malam, na ga tambayarka. Da safe kana aji da yara a Tudun Wada, ƙarshen mako kana karatun ilimin laburare, da yamma kuma ka zo shagona koyon aikin shafukan intanet. Yanzu shugaban makarantarku ya ce tunda kai ne mai kwamfuta, ka ɗora littattafan ɗakin karatunku a intanet, jerin littattafan kuma yana cikin Excel. Kana tambaya ko WordPress za ka fara da shi ko JavaScript.

Ba don ka ambaci Excel ba, da na tura ka wurin yaran shago. Ko ɗaya daga cikin biyun ba shi ne aikinka ba. WordPress na labarai ne da hotunan bikin yaye ɗalibai. Bai san aro ba, bai san ranar dawo da littafi ba, bai san cewa littafi ɗaya na iya zama kwafi bakwai a kanta biyu ba. Abin da ake nema a wurinka katalog ne, kuma manhajarsa tana nan kyauta: Koha, wadda aka fara rubutawa a New Zealand a 1999 don wani ɗakin karatu na jama'a. Da yaren kwamfuta na Perl aka rubuta ta, a kan Debian take zama, wato wani nau'in Linux, bayananta kuma a rumbun bayanai na MariaDB. Yadda ake saka Debian ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba bai shigo sana'ar ba tukuna. Wahalar tana cikin fayil ɗin da ke hannunka.

Akwai wata makarantar kuɗi a garin nan, ba zan kira suna ba. Littafi sama da 4,000, wata huɗu ana aiki, masu buga rubutu uku. Kowane littafi sai an sauke shi daga kanta, an buɗe shafin take da bayansa an kwafa daga can, ba daga bango ba, domin bango talla ne. An yi ciniki da baki: rabi kafin alƙalami, rabi in an gama. Ranar Juma'a aka kammala, aka fitar da komai a fayil ɗin CSV guda, wato jeri na rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa, aka bar shi a kwamfutar makarantar don a loda shi cikin Koha ranar Litinin. Kwafi ɗaya tak. Wannan laifina ne, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba. Ranar Asabar ɗan ƙanwar mai makarantar yana son ya buga jerin littattafan a takarda saboda baƙi za su zo. Ya danna fayil sau biyu, Excel ya buɗe shi.

Saurara ka ji abin da Excel yake yi wa fayil ɗin laburare in an buɗe shi ta wannan hanya, don ko a jarrabawarku ba za a tambaye ka wannan ba. Duk abin da ya yi kama da lamba, lambar lissafi yake ɗaukarsa. ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, tun 2007 lamba 13 ce, littattafan Najeriya kuma da 978978 suke farawa. Excel zai mayar da ita 9.78978E+12, in aka adana a CSV kuma haka zai rubuta ta, sauran lambobin sun tafi ke nan. Kusan duk littafin da aka buga a ƙasar nan sai ya koma lamba ɗaya da ɗan'uwansa. Sifilin farko kuwa a wurinsa shara ne. Lambar rajista 000457 ta zama 457, alhali abin da ke manne a jikin littafi 000457 ne, na'urar karanta bakod kuma ba ta san sasanci ba. Lambar Dewey 004 ta kwamfuta ta zama 4, lamba 020, wato fannin da kake karantawa, ta zama 20. Inda aka rubuta juzu'i 3-4 ya mayar da shi kwanan wata.

Sai baƙaƙenmu masu ƙugiya. A tsarin adana haruffa na UTF-8 kowanne daga cikin ƙ, ɗ, ɓ bayit biyu ne. Excel ya karanta su da tsohon tsarin Windows, kowane bayit ya ba shi harafinsa daban, sai ƙasa ta fito Æ™asa, ɗalibi ya fito É—alibi. Wannan ciwo ne mai magani, domin bayanan suna nan, karatun ne ya karkace, da an rufe ba a adana ba shi ke nan. Amma yaron ya ga abin ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta, ya sa umarnin nemo-ka-sauya ya goge su kaf. Ƙasa ta zama asa. Bai tsaya nan ba, yana son sunayen littattafai su bi tsarin abacada, sai ya zaɓi layin tsaye na take shi kaɗai ya jera. Excel ya yi masa gargaɗi ko a haɗa da sauran layuka, ya ce a'a. Take ya rabu da marubucinsa, marubuci ya rabu da lambarsa, littafin nahawun Larabci ya koma na mai littafin lissafi. Ya adana, ya kashe kwamfuta, ya tafi kallon ƙwallo.

Litinin mai makarantar ya ce aikina ne ya zo a lalace. Na nuna masa ranar da aka taɓa fayil ɗin da lokacin, ƙarfe uku na ranar Asabar, ranar da ko ƙofar ban taka ba. Ya ce shi bai san wannan ba, katalog aka ce za a ba shi kuma bai gani ba. Babu takarda, babu shaida. Cikon kuɗin ya riƙe, masu buga rubutu uku kuma daga aljihuna aka sallame su, don ba su da laifi. Yaron ko sannu bai ce ba. Abin da ke damuna da yaran yanzu ke nan, hannu ya riga ido, duk akwatin gargaɗin da ya fito sai a danna a wuce kamar ana korar ƙuda. Har yau in zan bi ta layin makarantar nan sai na sauya hanya.

To, ga yadda za ka yi. Kafin ka taɓa komai, kwafi uku: ɗaya a filashi, ɗaya ka aika wa kanka ta imel, ɗaya na aiki. Na farko sa masa kwanan wata a sunansa, kada ka ƙara buɗe shi. A na aikin, mayar da kowane layi zuwa nau'in rubutu zalla kafin a buga ko lamba ɗaya, ba bayan an buga ba, don sifilin da ya riga ya faɗi ba ya dawowa. In za ka fitar da CSV zaɓi wanda aka rubuta UTF-8 a jikinsa. Wancan na gargajiyan alamar tambaya yake sa wa a madadin ƙ da ɗ, wannan kuwa mutuwa ce ba suma ba. Ni LibreOffice Calc nake amfani da shi, domin yana tambayarka tsarin haruffa da nau'in kowane layi kafin ya buɗe. CSV kuma ba a danna shi sau biyu, ko na wa ne.

Daga nan MarcEdit, shi ma kyauta ne, yana da sashen da ke mayar da irin wannan fayil zuwa MARC 21, tsarin katalog ɗin da Koha take karantawa, inda kowane bayani yake da gurbinsa mai lamba. Nan ne karatunka zai yi maka rana, don yaran shagona sun fi ka saurin hannu amma ba su san 245 ba. ISBN ta tafi 020, marubuci 100, take 245, mawallafi da shekara 264, yawan shafuka 300, maudu'i 650, Dewey 082. Harshen littafi in Hausa ne, haruffan hau za ka sa a gurbi na 35 zuwa 37 na 008. Duba matsayi na 09 a layin jagora, wato layin farko na bayanin kowane littafi, in ba harafin a ne a wurin ba, manhaja za ta ɗauka tsohon tsarin MARC-8 ne, baƙaƙenka su sake watsewa. Littafin Larabci da ya fara da Al- sa 3 a manuni na biyu na 245, in ba haka ba rabin kantar addini za ta taru a ƙarƙashin harafin A. Sunayen mutanenmu kuma sai ka tsaya da ƙafarka: Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Moh'd in mutum ɗaya ne, zaɓi siga ɗaya ka rubuta a littafin ƙa'ida kowa ya bi. In ba ka yi ba, marubuci ɗaya zai zama mutum huɗu.

Gurbin 952 shi ne na Koha kanta, nan kwafin littafi yake zaune: a da b lambar reshe, p bakod, y nau'in kaya, o lambar kanta. Lambar reshen da ka sa a fayil dole ta zama daidai da wadda ka ƙirƙira a cikin Koha, harafi da harafi. In ta saɓa, za ka ga take ya shiga amma babu kwafin da za a ara, ka kwana kana zagin kwamfuta. Kada ka loda duka a tashi ɗaya. Fara da 20, a ciki har da na Hausa mai ƙugiya da na Larabci, ka duba su da ido, in ba su yi ba Koha tana barinka ka janye rukunin gaba ɗaya. In ka loda ka nema ba ka gani ba, ba ɓata suka yi ba, fihirisar Zebra, injin binciken Koha, ce ba ta sabunta ba, umarnin koha-rebuild-zebra ke gyara ta. Ka kuma tuna yaro a waya k zai buga ba ƙ ba. A fayil ɗin word-phrase-utf.chr ake ƙara layin da zai sa bincike ya ɗauki ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, ɓ a matsayin b, sannan a sake gina fihirisa. Mutane da yawa ba su yi, sai a ce wai laburaren ba shi da littattafan Hausa.

Littattafan Turanci na waje kada ka wahalar da kanka, ta Z39.50, hanyar da ɗakunan karatu ke musayar katalog, za ka jawo bayanansu daga Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ka gyara. Namu na kasuwa, waɗanda wasu ko ISBN ba su da ita, da hannu za ka yi su.

Maganar ajiya. Koha da aka saka ta hanyar Debian tana yin kwafin kanta kullum ta ajiye a /var/spool/koha, amma na kwana biyu kawai take riƙewa, kuma a kan faifan da aikin yake. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona faifan, uwa da 'ya tare za su tafi. Kowace Juma'a kwashe shi zuwa filashi ka fita da shi daga ginin. Sau ɗaya a zango kuma gwada mayar da shi a wata kwamfutar, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Kada ka kunna sabar, wato kwamfutar da Koha take kai, ba tare da na'urar riƙe wuta ba, MariaDB ba ta son a yanke mata wuta tana tsakar rubutu. Ƙwaƙwalwa gigabayit 4 ta ishi makaranta irin taku.

Ka ma tambayi shugaban naku ko intanet ɗin yake nufi da gaske. Kwamfuta ɗaya da rauta ɗaya sun isa duk wanda ke cikin harabar ya bincika katalog ta wayarsa, ba kuɗin haya, ba kuɗin data. In ya dage sai duniya ta gani, a yi rajistar suna mai ƙarewa da .sch.ng da sunan makaranta da imel ɗin makaranta, ba naka ba, don ranar da aka yi maka canjin wurin aiki kada a biyo ka gida. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, kwana 90 take yi, ka tabbata tana sabunta kanta. Ɓangaren ma'aikata na Koha kuwa kada ka buɗe shi ga waje, sunayen yaran mutane ne a ciki da lambobin iyayensu, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Abin da za ka koya na fasahar shafi bai kai yadda kake tsoro ba. HTML sosai, har ka san dalilin sa utf-8 a saman shafi, da lang="ha", da dir="rtl" in Larabci ne ko ajami. CSS kaɗan, don Koha tana da wurin da ake zuba shi mai suna OPACUserCSS, nan za ka sa launin makarantarku shugaba ya yi murna. Sai SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, wanda shi ne zai ba ka amsa ranar da aka ce kawo sunayen 'yan aji shida da ba su dawo da littafi ba kafin a ba su takardar shaida. JavaScript bar shi sai baɗi. Na san abokan karatunka suna ta nuna maka shafuka masu motsi a waya, kyan ɗan maciji ne, tambaye su ina kwafin ajiyarsu ka ga ido ya raina fata.

Ko da kyauta za ka yi wa makarantarku, a rubuta a takarda: littafi nawa ne, wa ke da izinin taɓa fayil, wa zai riƙe lambar sirri bayanka. Shugaba ya sa hannu, kai ma ka sa.

Ranar Asabar bayan La'asar ka zo da fayil ɗin a filashi biyu, da littafi 20 daga kantarku, biyar a ciki na Hausa. Kada ka buɗe shi kafin ka iso, kuma kada ka ba kowa aron filashin a hanya.