Amsa ga Malamin Argungu: groff, haruffa masu lanƙwasa da takardar A4

Malam, na ga tambayarka tun jiya da dare, rashin wuta ne ya hana ni amsawa sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba: Malam yana koyar da lissafi a Argungu, yana haɗa ɗan littafin bita da Hausa da groff, manhajar da ke tsara rubutu don bugawa, a wata tsohuwar laftof mai Ubuntu. Ya rubuta groff -ms littafi.ms > littafi.pdf, sai wayarsa ta ƙi buɗe fayil ɗin. Da ya lallaɓa ya buɗe shi a kwamfuta, ya tarar "ƙasa" ta koma "Æasa", "ɗaya" ta koma "Éaya", jadawalinsa ya cakuɗe, lissafin kuma ya fito ɗanye yadda ya buga shi. Yana tambayar me zai ƙara a layin umarni.

Ina da shagon buga takardu a nan Birnin Kabi, kuma na daɗe ina shirya takardun jarrabawa da ƙananan littattafai da wanga manhaja. Duk ramukan da ka faɗa na riga ka faɗawa, har da wasu da ba ka kai gare su ba tukuna.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne gane cewa groff ba shi ke aikin da hannunsa ba. Shugaban leburori ne. Ka san yadda shinkafa take bi kafin ta shiga buhu: a turara ta, a shanya, a kai inji a cashe, a sheƙe. Kowane mataki da mai yinsa, kuma in aka tsallake ɗaya sai ka gani a tukunya. To haka rubutunka yake bi ta hannun ƙananan manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai gyara haruffa, preconv. Akwai mai jadawali, tbl. Akwai mai lissafi, eqn. Sannan troff ya tsara layuka da shafuka, daga ƙarshe wani ya mayar da abin PDF ko abin da ka nema. Galibin ƙananan haruffan nan da ake sawa bayan karan tsaye, aikinsu kawai su ce wa groff "kirawo wane". Wanda ba ka ce a kira ba, ba zai zo ba. Idan kana son ganin haka da idonka, ƙara -V a umarninka. Ba zai buga komai ba, zai nuna maka jerin waɗanda zai kira ne kawai. Da na san -V tun farko, da na huta da wahalar wata guda.

Wannan tsari tsoho ne, shi ya sa yake da halin tsofaffi. Joe Ossanna ne ya rubuta troff a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970, Brian Kernighan ya sake masa gini daga baya don ya yi aiki da na'urori daban-daban, James Clark kuma ya fitar da groff a 1990. Babu wanda ya yi tunanin ƙ da ɗ a lokacin.

Batun wayar da ta ƙi buɗewa mai sauƙi ne. Idan ba ka faɗa masa ba, groff PostScript yake fitarwa, wani tsohon nau'in fayil na firinta, ba PDF ba. Kai ne ka raɗa wa fayil ɗin suna littafi.pdf, amma sunan bai canza abin da ke ciki ba. Rubuta head -1 littafi.pdf za ka ga ya fara da %!PS maimakon %PDF. Maganinsa -Tpdf. Wannan -T shi ke zaɓar inda aiki zai sauka: -Tpdf don bugawa, -Tutf8 don karantawa a baƙin allon umarni, -Thtml don shafin intanet. Tunda -ms, wato tsarin da ke shirya maka kanu da sakin layi, ta yi maka aiki, cikakken groff kake da shi. Wanda nasa ya ce bai san pdf ko ms ba, to guntun nan groff-base ne a kwamfutarsa, wanda Ubuntu ke zuwa da shi don karanta shafukan man, wato na bayanin umarni, kawai. Sai ya yi sudo apt install groff.

Jadawali da lissafi ma ba su da dogon zance. Ƙara -t, tbl zai zo ya ɗauki duk abin da ke tsakanin .TS da .TE. Ƙara -e, eqn zai ɗauki na tsakanin .EQ da .EN, sai "x sup 2 over y" ɗinka ya zama lissafi na gaske. In ka zo zane, irin su alwatika da da'ira, -p ce ke kiran pic. Ba ruwanka da wanne za ka fara rubutawa, groff ya san jerin da zai bi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato haruffanmu. Cuta biyu ce daban-daban, kuma mutane na ɗaukarsu ɗaya, shi ya sa suke shan magani ɗaya su ce bai yi ba.

Ta farko ita ce wadda ka gani. Fayil ɗinka da tsarin ajiye haruffa na UTF-8 yake, inda ƙ take cin gurbi biyu. Shi kuwa troff da tsohon tsarin Latin-1 yake karatu, gurbi ɗaya harafi ɗaya. Sai ya ɗauki rabin farko na ƙ ya ga Æ, rabi na biyu ya ga ba harafi ba ne a wurinsa ya jefar. Ɗ ƙarama da ɓ ƙarama rabinsu na farko iri ɗaya ne, shi ya sa dukansu suke fitowa É. Duk ranar da ka ga Æ ko É a rubutun Hausa, kada ka ɓata lokaci kana neman wani dalili, preconv ne ba a kira ba. Ana kiransa da -k, shi kuma ya yi hasashen tsarin fayil ɗin. Ni ba na son hasashe, don haka -Kutf8 nake sawa, da babban K, na faɗa masa kai tsaye. Aikinsa shi ne ya mayar da ƙ ta zama \[u0199], ɗ ta zama \[u0257], ɓ ta zama \[u0253], wanda troff ke ganewa.

Za ka sa -Kutf8, ka buɗe PDF, ka ga Æ ta tafi, ka yi hamdala. Sake dubawa da kyau. "Ƙasa" ta zama "asa", "ɗalibi" ya zama "alibi". Wannan ita ce cuta ta biyu, kuma ta fi ta farko haɗari domin ba ta da hayaniya, ido na iya wuce ta. Yanzu troff ya gane harafin sarai, amma zubin haruffan da yake aiki da shi, wato Times, ba shi da ƙ a cikinsa. Abin da babu ba ya bugawa, sai ya bar gargaɗi a allo mai ɗauke da u0199, ya ci gaba da aikinsa. Na taɓa buga wa wata makaranta takardun jarrabawar Hausa a haka. Malamin ne ya dawo mini da su washegari, ya nuna mini tambaya ta farko inda "ɓarawo" ya zama "arawo". Gargaɗin yana nan a allona tun jiya, ni ne ban karanta ba. Takarda da tawada duk daga aljihuna suka fita.

Hanyar rarrabe cutukan biyu: gwada groff -Kutf8 -ms -Tutf8 littafi.ms | less -R. Idan haruffan sun fito daidai a allo amma babu su a PDF, to fayil ɗinka lafiya lau, matsalar zubin haruffa ce. Kuma a nan zan faɗa maka gaskiya, babu wani harafi ɗaya da za ka ƙara a layin umarni ya warkar da ita. Dole ka shigar da zubin da ke da haruffanmu. Charis SIL yana da su duka, manya da ƙanana, har da ƴ ta mutanen Nijar, kuma kyauta ne. DejaVu Serif ma yana da su. Wahalar ita ce groff ba ya ɗaukar fayil ɗin zubin, wato TTF, kai tsaye, sai an juya shi da manhajojin FontForge da afmtodit. Peter Schaffter, wanda ya rubuta mom, wani tsarin shirya rubutu irin ms, yana da wani ɗan shiri mai suna install-font.sh da ke yin wannan juyin, shi na yi amfani da shi. Ka shigar da fuskoki huɗu: na yau da kullum, mai karkata, mai kauri, da mai kauri da karkata, sunayensu su ƙare da R, I, B da BI. In ka shigar da na farko kaɗai, jikin rubutu zai yi kyau amma kanun babi, da suke fitowa da kauri, za su lalace. Bayan nan sai ka sa .ds FAM da sunan da ka ba zubin a saman fayil ɗinka. Akwai -f da ke zaɓar zubi daga layin umarni, da -F da ke nuna masa jakar da ka ajiye su in ba a wurin da ya saba dubawa ba ne. Yini guda zai ci maka, amma sau ɗaya ake yi. Ka gwada alamar naira ma tun da wuri, ita ma babu ta a Times, kuma littafin lissafi ba ya rasa kuɗi.

Wani ramin da ke gabanka: ranar da littafin ya yi girma ka raba shi babi-babi kana haɗawa da .so, umarnin da ke jawo wani fayil cikin wani, Æ za ta dawo, amma a cikin babobin kawai. Dalili shi ne preconv babban fayil ɗin kaɗai yake gani, kafin a jawo sauran. Sai ka fara haɗa su tukuna: soelim littafi.ms | groff -Kutf8 da sauran zaɓuɓɓukan.

Sai takarda. Mu A4 muke saya, milimita 210 da 297. Ta Amurkawa ta fi faɗi kaɗan, ta kuma fi gajarta da kusan milimita 18. Ya danganta da yadda aka saita kwamfutarka, groff na iya ɗaukar tasu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wuri biyu ake faɗa. -dpaper=a4 na gaya wa troff tsawon shafin da zai tsara, -P-pa4 kuma na gaya wa mai fitar da PDF girman takardar. Wannan -P ɗan aike ne, duk abin da ka manna masa zai kai wa ma'aikacin ƙarshe. Na taɓa sa na farko na manta na biyu, lambar shafi da na ajiye a ƙasa ta faɗa waje, littafi ya fito babu lamba ko ɗaya. Idan jadawali mai faɗi ne kana son takarda a kwance: -dpaper=a4l -P-pa4 -P-l. Ina kuma ƙara -P-e don a cusa dukkan zubin haruffa cikin PDF ɗin, saboda kwamfutar shagon da za ka kai bugawa ba taka ba ce.

Ga layin da zan ba ka:

groff -Kutf8 -t -e -ms -Tpdf -dpaper=a4 -P-pa4 -P-e -ww littafi.ms > littafi.pdf

-ww ɗin nan na kunna dukkan gargaɗi. Zai yi maka surutu, ka bar shi ya yi. Kafin na buga komai nakan ƙara -z, wanda ke hana fitar da aiki ya bar gargaɗin kaɗai, in karanta su ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar "arawo" ban sake tsallake wannan ba. Don gwajin firinta kuma akwai -o: -o1-3 zai fitar da shafi na ɗaya zuwa na uku kawai, ba sai ka ƙona rabin rim ba.

Abu ɗaya da ba na layin umarni ba ne amma zai dame ka: groff na yanka kalma a ƙarshen layi da ƙa'idar Turanci, ba ya san gaɓar Hausa. Sa .nr HY 0 a saman fayil ɗin ka huta. Wasu za su ce maka .nh, amma ms na sake kunna yankan da an shiga sabon sakin layi.

Wani zai ba ka shawarar grog. Ba laifi, grog littafi.ms na duba fayil ya faɗa maka ko yana buƙatar -t ko -e ko -ms. Amma bai san takardar da ke cikin firintarka ba, bai kuma san zubinka ba shi da ƙ ba. Wani kuma zai ce ka bar ms ka koma mom. Mom na da kyau ga littafi, ina amfani da ita, sai dai ba na ganin hikimar canza doki a tsakiyar kogi. Gama wannan da ms ɗin Mike Lesk, ta isa. Af, -ms ba zaɓi ɗaya ba ne, -m ce da sunan tsari "s" a manne. Haka -man da -me da -mom, duk -m ce.

Kashedi biyu. Kada ka sa -U a kan fayil ɗin da wani ya turo maka ba ka karanta ba. Tana cire takunkumi ne, har fayil ya iya ba kwamfutarka umarni. Za ka buƙace ta ranar da za ka saka hoto da PDFPIC, a kan naka rubutun wannan ba komai. Na biyu, ka dubi abin da ke bayan alamar > sau biyu kafin ka danna. Wani yaron shagona ya taɓa rubuta > littafi.ms maimakon .pdf, kuma ana share abin da ke cikin fayil ɗin ne tun kafin groff ya fara karantawa. Aikin sati biyu ya tafi, sai daga takardar hannu muka sake bugawa. Yanzu layin nan yana cikin ɗan fayil mai suna buga.sh, ba mai sake rubuta shi da hannu.

Malam, gwada layin, ka kuma rubuta groff -v ka gaya mini ko 1.22.4 kake da shi ko 1.23.0, domin lafazin gargaɗinsu ya ɗan bambanta. Idan ka maƙale a wurin shigar da Charis, turo hoton abin da allon ya ce. In kuma hanya ta kawo ka Birnin Kabi, taho da laftof ɗin mu yi shi tare, ka dai zo da cajinka cike.